Bazarar da Muka Shayar da Laburare Ruwa

Azumin bana ya sauka a tsakiyar bazara, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In na kwanta a zaure tabarma ta gasa ni, in na fita gindin darbejiya iskar da ke zuwa kamar daga bakin murhu take. Hajo, matata, ta ce tun da na yi ritaya ban taɓa zama wuri guda ba, na dai samu azumi ne na ɗora wa laifi. Na ɗauki hulata na nufi laburare, ɗakin karatun garinmu na Bagudo, inda na yi aiki har furfura ta cim mini.

Malama Rabi ce ke riƙe da wurin yanzu. Na tarar da ita a kan kujera tana kwance dogayen fitilu tana ɗaura ƙanana marasa cin wuta. An kafa musu sola a kan rufi, amma batirin ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, sai aka ce ta kashe ta, ta lallaɓa da fanka. Ta sauko tana fifita da wani tsohon kwali.

"Baba Umaru, an ce kun taɓa yin bazara guda ɗakin ga babu ko fanka. Ƙaƙa kunka yi?"

Na ce mata ta fara buɗe tagogin nan duka, sauran bayani sai an sha ruwa. Na ɗauki jarida na zauna, amma ko layi ban karanta ba. Zuciyata ta riga ta koma baya shekara talatin da 'yan kai, lokacin da azumi ya zagayo daidai wannan wuri.

Ginin nan wani ɗan kwangila ne ya yi shi da zanen da aka aiko daga nesa, kuma na rantse wanda ya zana shi bai taɓa kwana a Bagudo ba. Tagogin manya ne na gilas, a liƙe, ba sa buɗuwa. Rufin kwano ne, ya yi ƙasa-ƙasa. Dabarar duka ita ce na'urar sanyi ta yi ta aiki daga safe zuwa yamma, ita kuwa da injin dizal da ke bayan gini take rayuwa, don wutar gwamnati ba ta iso mu ba tukuna. Muddin inji na kuka, ɗakin nan ya fi ko'ina daɗi a garin. Ni kaina na bar aikin koyarwa saboda shi, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

A waccan shekara mai ya yi ƙafa. Da hantsi ka ga tanka ta shigo gari, kafin la'asar man ya koma jarkoki, jarkokin sun hau kekuna da jiragen ruwa sun haye Binin, wadda tsofaffinmu ke kira Dahome. Abin da ya rage ba ya isar asibiti, balle mu. Ana saura kwanaki a ga wata aka aiko mini daga sakatariya cewa an tsayar da man laburare sai abin da hali ya yi. Na je na kashe inji da hannuna. Ba a jima ba kazar maƙwabta ta same shi wurin ƙwai.

Ban san zafi ba sai da injin nan ya yi shiru. Rana ta bugi kwano, kwano ya sauke mana, gilas ya hana shi fita. Bangon littattafai ya dinga lanƙwashewa, danƙon da ya riƙe su yana narkewa yana wari. 'Yan makaranta masu shirin jarrabawa sukan zo da sassafe, kafin hantsi ya ɗaga sun gudu, takardunsu sun jiƙe da gumin hannu. Malamai suka ɗauke ƙafa. Sai ni kaɗai, ga azumi a baki, ina zagaya kantoci kamar mai neman abin da ya yar. In na zauna in tashi, in na tashi in leƙa ƙofa, in dawo.

Ina cikin wannan hali wani jami'i ya shigo, mai kula da siton ma'aikatar gona, wanda kowa ke kira Alhaji mai sito. Bai dubi littafi ko ɗaya ba. Faɗin ɗakin yake aunawa da ido, daga wannan bango zuwa wancan.

"Malam Umaru, ɗakin ga naku da faɗi shike."

"Ranka shi daɗe, masu karatu ma sun hwaɗi haka."

"Ina masu karatun?" Ya waiga hagu, ya waiga dama. "Takin gwamnati na tahe kahin ruwan fari, sitonmu kuwa yoyo shikai. Ga ɗaki babu kowa ciki sai kai da takardu."

"Zahi ya kore su, ranka shi daɗe."

"To ka maido su. In na zo na ishe mutane, ba ni taɓa ku. In na ishe ka kai ɗai, buhuna za su shiga, kai kuma a nema maka tebur can sakatariya."

Ya fita yana goge wuya. Na san abin da ake nufi da ajiya ta ɗan lokaci a garinmu. Ɗakin da taki ya shiga ba ya sake zama ɗakin karatu. Tsoro ya kama ni sosai, ba kuma na ɓoye shi.

A gida abubuwa sun tafi yadda suka saba tafiya a azumin talaka. Hajo kan jiƙa gero tun safe, ta daka da azahar, ta dama kunun tsamiya da la'asar. Randarmu a binne take cikin yashi, tana yayyafa wa yashin ruwa don na ciki ya yi sanyi, domin ƙanƙara a lokacin sai dai ka ji labarinta. A sha ruwa da kunu da ɗan ƙosai, bayan magariba tuwon shinkafa da miyar busasshen kifin da babanta ke aiko mana daga bakin kogi, don ita ɗiyar masunta ce. Rumbu ya yi ƙasa a waccan shekara, tuwon ma sai da lissafin cokali. Ni kuwa ko wannan ba na iya ci da kirki. In kai loma biyu in miƙe.

Wata rana da azahar na dawo gida na yi ta safa da marwa a tsakar ɗaki har Hajo ta gaji.

"Don Allah Malam ka zamna. Ka hana iska shigowa, ka hana ni ganin ƙohwa."

Ta tsoma wani tsohon zane a ruwa, ta matse shi sama-sama, ta rataya a ƙofa kamar yadda take yi kullum. Iskar nan mai zafi ta ratso zanen ta same ni a fuska, sai na ji ta da sanyi. Na sha ganin wannan abu tun ina yaro, amma ranar ce na gan shi da idon laburare. Na faɗa mata abin da ya zo mini. Ta dube ni tana dariya.

"Gidanmu da jiƙaƙƙen buhu muka ruhe kihi shi kai kasuwa lahiya lau. Kai mi za ka kai kasuwa, mutane ko takardu?"

"Mutane nika so su zamna."

"To jiƙa su."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na tafi wurin Sani tela, mutumin Kurgu, wanda kafin zafi ya kore shi kullum sai ya rufe shago ya zo karanta tsofaffin jaridu. Shi ya kira gayya. Bayan sallar asuba muke farawa, mu tsaya kafin rana ta yi ƙarfi, don mai azumi ba ya wasa da hantsin bazara. Muka ɓamɓare gilasan nan ɗaya bayan ɗaya muka jingine su a bayan inji. 'Yan makaranta suka kwaso karan dawa daga gonakin iyayensu, muka shimfiɗa a kan kwano, muka rufe da zana, muka danne da duwatsu. Wani malamin firamare ya kawo farar ƙasa muka shafe bangon yamma. A ƙarshe muka rataya asabari, labulen nan na siraran karare, a kowace taga, biyu-biyu, muka kwarara musu ruwa.

Ba zan manta shigata ta farko ba. Ɗakin ya yi duhu-duhu, haske na shigowa ta tsakanin karare, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya cika ko'ina. Gumin bayana ya bushe. Sani ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwa ya ce, "Aradu ya hi na injin." Ban yarda ya fi ba, amma ban yi masa gardama ba.

Sai dai asabari akwai ƙishirwa. Kafin ka gama jiƙa na gabas, na yamma ya bushe ƙayau. Rijiyoyin gari kuwa sun ja baya, mata na faɗa a bakinsu tun da duhu. Sai muka kafa doka: duk mai son zama ya zo da bokitin ruwa. Wasu daga rijiyar fadama suke ɗaukowa a ka, wasu su haɗa kai su kora jaki. Yanzu Malama Rabi tana da ɗan allo da ke nuna mata yawan wutar da ta rage a batir. Mu asabari muke taɓawa da bayan hannu, in ya bushe a kira mai bokiti na gaba.

'Yan makaranta ne suka fara dawowa, sai malamai. Daga nan labari ya bazu cewa akwai ɗaki mai sanyi a gari, sai ga waɗanda ban taɓa gani a ƙofar laburare ba. Masunta da suka sayar da kifi suna jiran rana ta yi sanyi su koma. Mahauta. 'Yan kasuwar Dole Kaina da mota ta yi wa nawa. Kowa da bokitinsa, kowa da tabarmarsa a hammata. Su zube ruwa, su shimfiɗa tsakanin kantoci, kafin ka ce me sai minshari. Abin ya ba ni haushi, na ce nan ba masauki ba ne, duk wanda zai kwanta sai ya riƙe littafi. Ba wanda ya yi musu. Wani tsohon masunci kullum littafin taswirar duniya yake zaɓa, ya ce faɗinsa ya yi daidai da ƙirjinsa. Da la'asar in sun farka, Sani yakan karanta musu jarida da ƙarfi, su yi ta gardama a kan labarin da ya shekara da wucewa.

Wahalar da ban hango ba ita ce ƙarar ruwan. Ka yi tunanin mai azumi, maƙogwaro a bushe, leɓe ya tsage, ga ruwa na ɗiga daga asabari ɗis, ɗis, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yara sukan je su manna goshi a jikinsa su rufe ido. Ni dai ban samu hutun da kowa ya samu ba. Duk ƙarar mota sai na fita na duba ko ta taki ce. Hajo ta ce na rame har wuyana ya yi tsawo.

Cikin goman ƙarshe iska ta juya. Ta daina zuwa a bushe, ta fara tasowa daga wajen iyaka da nauyi da danshi, irin wadda ke gaya wa manomi ya fito da fartanya. Gajimare ya dinga taruwa da yamma yana watsewa. Asabari ya daina bushewa, ɗakin kuma ya daina sanyi. Gumi ya liƙe a jiki ya ƙi tafiya. Mu kuwa mutanen bakin kogi ne, abin da muka sani shi ne in zafi ya ƙaru a ƙara ruwa. Muka ƙara. Da asabari ya ƙi sha, muka zuba a ƙasa, simintin da ya riga ya tsattsage ya shanye. Muka watsa wa bango. Masu bokiti ɗaya suka koma kawo biyu don son alheri. Har yau ni da Hajo da Sani, kafin Allah ya yi masa rasuwa, ba mu taɓa daidaitawa a kan wanda ya fara watsa wa bango ba.

Wari ne ya fara gaya mini. Wata safiya na buɗe ƙofa na ji ɗakin yana bashi irin na rumbun da ruwa ya shiga. Na durƙusa na jawo littafi daga kantar ƙasa, sai ya taho da 'yan'uwansa uku a manne. Sun kumbura, fumfuna ta yi musu fari da kore. Na ja kantar daga bango, sai ga hanyar gara ta hau har tsakiya, ta bi danshi ta shigo. Na bi layin ƙasa kaf ina jawowa. Littattafan lissafi, na kimiyya, ƙamus babba da muke taƙama da shi, duk sun sha ruwa. Garin neman gira mun rasa ido. Na zauna a jiƙaƙƙen simintin nan na ji kamar in yi kuka, azumi ne kawai ya hana hawaye fita.

Ban kai ga yanke shawarar abin yi ba mutane suka fara shigowa da bokitansu. Na tare ƙofa ina cewa kada wanda ya sake zuba ko ɗigo. Suna tambayata dalili, ina ƙoƙarin bayani, sai ga ƙarar da na yi makonni ina saurare. Babbar mota ce, shaƙe da buhuna, 'yan dako a zaune a sama. Ta tsaya daidai ƙofarmu. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

Alhaji mai sito ya sauko yana duban sama. Na tare shi da sauri, na nuna masa ɗakin. Kafin nan ya riga ya cika, yara a kan tebura, manya a kan tabarmi, har da masu tsayuwa.

"Ranka shi daɗe, ga mutane. Ka ce in ka ishe mutane ba ka taɓa mu."

"Na hwaɗi, Malam Umaru, ban musa ba." Ya nuna hadarin da haɓa. "Amma ka ga abin ga? In ruwan ga ya sauka bisa motar ga, wa za ya tsaya gaban manoma? Ku matsa da kantocinku gehe guda. Na kwana biyu na."

"Ranka shi daɗe, alkawali..."

"Alkawali na nan. Ku sauke!" ya ce da 'yan dako.

Sani ya buɗe baki zai yi magana, na riƙe masa riga. Buhun farko ya sauko a kan wani ƙato, ya nufo ƙofa. Alhaji ya tuɓe takalmi ya shiga gaba don ya nuna inda za a jera. Taku biyu ya yi ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa ya dubi tafinta. Ya dafa bango, ya duba hannunsa, ya shinshina. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin kumburarrun littattafan da na zube a ƙasa, ya gwada buɗe shi, ya ƙi buɗuwa.

"Mi kunka yi wa ɗakin ga?"

Ruwa na ɗiga daga asabari.

"Kai, maida buhun nan!" ya daka wa ɗan dako tsawa. "Maida shi mota! Taki in ya kwana nan dutse za ya koma, ko shi narke. Ɗakin ga sai ya shekara bai bushe ba." Ya juya ga direba ya ce su wuce wani shagon hatsi da ke kasuwa kafin ruwa ya sauko.

Murna ta so kama ni, amma littafin nan yana hannunsa, ina kallonsa. Bakina ya riga ni.

"Ranka shi daɗe, littahi ma bai son danshi."

Ya miƙo mini shi, yana neman takalminsa da ƙafa.

"Na sani, Malam. Amma shi littahi babu wanda za ya zo shi tambaye ni shi."

Motar ta tashi. 'Yan makaranta suka ɓarke da sowa, masunta suna yi mini barka, Sani ya rungume ni yana jijjigawa. An bar mana ɗakinmu. Ni kuwa ina tsaye da littafin a hannu, yana ɗigar ruwa a kan yatsuna. Na bar su suna murna, na koma layin ƙasa na durƙusa, na fara ware waɗanda za su rayu da waɗanda suka riga suka tafi.